Takardar da Diza Ta Zaro

Mu ashirin da huɗu ne a zangon koyon muhawara na babban hutun bana, an zuba mu cikin azuzuwa biyu na wata makaranta a bayan kasuwar Malanville. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa, da yamma shinkafar ta sake dawowa da sabon suna. Sauron kogi kuwa kamar an ba shi mu sadaka. Malaminmu Mushe Sirajuddeen yana da wata 'yar ƙararrawa: ka tashi ka yi magana minti uku, da ka yi inda-inda ya kaɗa ta, ka koma farko. Ni Zaituna ban sha wuya a nan ba, don a rumfar albasar babana na girma, inda mai shiru ba ya ciniki. Tsayar da ni ne aiki.

Tabarmar Diza tana kusa da tawa. 'Yar makiyaya ce daga Toumboutou. Kwanakin farko yatsun ƙafarta take yi wa jawabi, har na fara kiranta amarya. Kafin mako biyu ta zama wadda kowa ke addu'ar kada a haɗa shi da ita. Ba ta ɗaga murya, sai dai ta tambaye ka abu guda ka rasa ta cewa.

Ana saura kwana biyu a rufe, Mushe ya rubuta batun ƙarshe a allo: makiyaya su daina yawo da shanu, su zauna wuri guda. A muhawara ba ka zaɓar gefenka, takarda kake zara daga cikin hular Mushe. Taufiq, ɗan mai shagon atamfa, wanda bai san saniya ba sai a miya, ya zaro ta kare makiyaya. Diza ta zaro ɗayar. Sannan Mushe ya ce da Hausa za a yi, don iyaye su ji.

Da la'asar na same ta bayan aji, ba ta ko taɓa abincinta ba.

Na ce, "Mi ya same ki?"

Ta ce, "Baffa na zuwa. Ran kasuwa ta, zai kawo bijimi. Da dai da Faransanci za a yi, ba shi ji."

A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Dangi kaf sun so a cire ta daga makaranta, wai lakwal, wato boko, tana koya wa yaro raina iyaye. Mahaifinta Baffa Bobbo ne kaɗai ya tsaya mata, shi ma da sharaɗi: ranar da ya ji ta raina abin da ya ciyar da ita, ranar ta gama karatu. Kuma ita ce 'yarsa ta fari, saboda kunya bai taɓa kiran sunanta ba, balle su zauna ta yi masa bayani.

Na je wa Mushe da duk bakin da Allah ya ba ni, a musanya takardun. Ya ƙi. Ya ce wanda bai iya tsayawa inda ba ya so ba, bai koyi komai ba. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau ma ban gama hucewa ba.

Ranar ta zo da yayyafi. Iyaye suka cika benci. Baffa Bobbo ya sauko daga kabu-kabu, ya ƙi zama, ya tsaya can baya da sandarsa da malafa. Diza ta fara, murya ƙasa-ƙasa, idonta ya koma kan yatsun ƙafa. Na gane so take ta sha kaye da gangan, raina ya ɓaci.

Sai Taufiq ya tashi, yana ganin taimako yake yi. Ya ce a ƙyale makiyaya, yawo a jininsu yake, su ba sa gajiya, daji ya fi musu gida daɗi. Aka tafa masa.

Na ga wuyan Diza ya miƙe.

Ta ce, "Wa ya hwaɗa maka ba su gajiya? Ka taɓa ganin tahin ƙahwar mutumen da ya bi shanu wata huɗu? Ni na gani, ni ka shahwa mishi man shanu. Bara an nome burtali, munka rasa hanya, saniya ukku sunka mutu wajen ƙetare ruwa. Ƙanena Bilyaminu ya hi ni kai, amma bai san ƙohwar aji ba, yana bayan garke. A ba mu makiyaya da mashaya da ba mai nomewa, sannan ku gani ko akwai mai son yawo!"

Ƙararrawa ba ta ko motsa ba. Diza ta ci, ba gardama. Da ta waiwaya baya, Baffa ba ya nan. Ta riƙe hannuna, tausayinta ya kama ni.

A kasuwar dabbobi muka same shi, tsugune kusa da bijiminsa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai dube ta ba, ni ya duba.

Na ce, "Baffa, wallahi ba ita ta zaɓa ba. Takarda aka zara cikin hula, abin da ka samu shi kaka karewa."

Ya daɗe yana zane a ƙasa da sanda. Ya ce, "Yaron nan da ya tsaya muna, ɗan wa na?"

"Ɗan mai atamhwa na, Baffa."

"Ai na gani. Lauyan da bai san mi ka ciwo ba." Ya gyara malafarsa. "To da takardarmu ta hwaɗo hannun abokiyarki, hakanan za ta yi muna?"

Na ce, "Har ta hi haka."

Diza dai kanta na ƙasa, tana jiran a yanke mata. Baffa ya miƙe, ya kama igiyar bijimi, don ga dillali yana ɗaga masa hannu. Ya yi taku biyu ya tsaya, har yanzu ni yake yi wa magana.

Ya ce, "Ki hwaɗa wa abokiyarki, baɗi in an kawo hular nan, ta lalubo tamu."