Kifin da Hajiya Ɗelu Ta Wanke

Kifin yana kwance a faranti, fari tas, lokacin da Kalilu ya dawo gida daga sallar Juma'a. Da safe bayan kifin kore ne shar.

Ya tsaya a ƙofar kicin ɗin gidansu da ke hawa na tara a unguwar Cheras, can ƙasar waje inda yake karatu. Shekara biyu ke nan yana binciken digirinsa na uku a kan siakap, kifin fadamun ruwan gishiri na Kuala Selangor, wanda masu fatsa don nishaɗi ke kamawa, su yi hoto da shi, su mayar ruwa. Wasu kifayen na fitowa da gansakuka a gadon baya, gyambo a ƙarƙashinta. Kalilu ya ɗauka gansakukar ce ke cin fatar, amma ya kasa tabbatarwa. Farfesar da ke duba aikinsa ta ba shi zuwa ƙarshen wata: ko ya kawo hujja, ko ya sauya batu ya faro daga farko.

Wannan kifin shi ne mafi kyau da ya taɓa samu. Ɗakin gwaje-gwaje na rufe saboda hutu, shi ya sa ya zo da shi gida a kular ƙanƙara.

Surukarsa Hajiya Ɗelu, wadda ta zo daga Yawuri don kula da 'yarta Raudatu da ta haihu, ita ce ta buɗe kular. A wurinta, kifin da maigida ya shigo da shi gidan mai jego na farfesu ne. Ta sa gishiri da bayan wuƙa ta kankare shi sarai.

Raudatu ce ta fara magana, jaririya a kafaɗa. A hankali ta gaya wa uwar cewa kifin na makaranta ne, kuma koren da ta zubar shi ake nema. Kalilu ya sunkuyar da kai, ya ce ba komai. Abin da zai iya faɗa wa suruka ke nan.

Hajiya ba ta ba da haƙuri ba. Ta ce ai ko da ma ba za ta dafa shi ba, don ta fasa tun da ta ga abin da ke ƙarƙashin koren. Ubanta masunci ne, ta ce, kuma wannan kifin ƙanin giwan ruwa ne ko da a wace ƙasa aka haife shi.

"Malam, matso ka gani," in ji ta. "Wa ya riƙe shi da busasshen tsumma?"

Ya matso. Da gansakukar ta tafi, gyambon ya daina zama fili guda. Tabo huɗu ne dogaye a jere a gefe ɗaya. Ta juya kifin: guda ɗaya, mai faɗi, a ɗaya gefen. Ta ɗora hannunta a kai, kowane yatsa ya faɗa wurinsa.

Ta yi bayani kamar mai faɗin farashin albasa. Yauƙin jikin kifi shi ne rigarsa. In an damƙe shi da tsumma aka sake shi, inda yauƙin ya goge nan ke ruɓewa, kifin ya koma ruwa marar gudu ya lafe, sannan kore ya hau.

Kalilu ya tuna tawul ɗin da ke rataye a ƙugun kusan kowane mai fatsa da ya sani. Shekara biyu yana lallaɓa gansakuka kada ko silinta ya faɗi. Bai taɓa tunanin cire ta ba.

Ya ɗauko waya ya yi hoto takwas. Sannan ya durƙusa, abin da bai yi ba tun ranar ɗaurin aure, ya ce Allah ya saka da alheri. Ta kawar da kai, ta ce ya tashi, ƙasan a jiƙe yake.

Bai iya roƙonta kai tsaye ba. Ya dubi matarsa, ya ce akwai wasu a firjin makaranta, duk da korensu, ko Hajiya za ta iya zuwa ranar Litinin.

"Guda nawa?" Hajiya ta tambayi 'yarta.

"Talatin da takwas," in ji Raudatu.

Hajiya ta ɗauraye wuƙar, ta goge ta da gefen zani.

"To, a nemo mini kujera 'yar tsuguno. Ba na aiki a tsaye."