Tubalin Ɗaki na Ƙarshe

Sujada nawa goshi zai yi a kan tubali kafin tubalin ya lotsa? Ban sani ba, Abdulƙadir ma bai sani ba, amma tambayar ta riƙe shi tun ranar da aka kwashe kwalayen takalman da yake sayarwa daga ɗaki na ƙarshe na sitonsa.

Sitonsa yana wani ƙauye a gefen birnin Panyu na ƙasar Sin, cikin tsohon gini mai arhar haya. A zamanin da, nan ne kotun gundumar, ƙananan ɗakunan baya kuma kurkuku. Yanzu hukuma ta karɓe ginin za ta gyara shi don masu zuwa kallo. Duk zamansa a wurin bai taɓa shiga ɗakunan baya ba, 'yan dako yake turawa. Wansa Alhasan a irin wannan ɗaki ya rasu can ƙasarsu, ana tuhumarsa da abin da har yau ba wanda ya san ko ya aikata.

Madam Liang, mai kula da gyaran, ita ta kira shi ƙofar ɗaki na ƙarshe. Abokin harkarsa Zakaria, mutumin zangon Kumasi, ya biyo shi yana ɗingishi. A daɓen akwai lotsawa uku: biyu a jere, ɗaya ƙarama a gabansu. Ga zoben ƙarfe a bango, ya yi tsatsa.

Ta ce da Turancinta na kasuwa, magina sun ce ɗigar ruwa ce, za su cire tubalan yau su sa sababbi. Ita kuwa ta ga yadda su Abdulƙadir suke salla a tsakar gida. In wurin sallar wani ne, za ta hana a taɓa. Amma dole sai ta gani da idonta tukuna.

Zakaria ya ajiye wayarsa a ƙasa. Kibiyar alƙibla ta juya, ta tsaya daidai kan ƙaramar lotsawar.

"Kai, Bakano, shiga ka gwada mata," in ji shi. "Ni ka san gwiwar nan, a kujera nake salla."

"Ba na shiga."

"Kai da ke shiga kwantena tana tafasa da zafi a tashar jirgin ruwa ta Nansha, wannan ɗan ɗaki ne ya fi ƙarfinka?"

"Wa ya ce ma Musulmi ne? Wataƙila kisa ya yi. Ina ruwana da shi?"

"To in kisan ya yi, sallar ba salla ba ce, Alhaji?"

Abdulƙadir ya juya. Madam Liang ta ce, "Laoban," wato maigida, a hankali kamar mai roƙo. Ya ɗaga mata hannu ya fita.

A tsakar gida ya zauna a kan dutsen da aka ce masu ƙara ke durƙusawa a kai a da. Ruwa ya ɗauke, bangon yana tsattsafo, ƙanshin lakar da aka jiƙa ya cika wurin. Ya tuna ranar da aka ba su gawar Alhasan. Duk jikin ya canza, ya zama kamar na wani, sai tabon salla a goshinsa da ya yi baƙi fiye da yadda suka san shi. A kansa mahaifiyarsu ta ɗora hannu. Bai taɓa tambayar kowa yadda ɗakin da aka tsare shi yake ba, ko akwai wurin da mutum zai miƙe.

La'asar ta yi. Daga ɗakunan baya ya ji ƙarar ƙarfe a kan tubali, ƙwal, sai kuma wata.

Ya miƙe. Magini ya riga ya cusa bakin ƙarfe a gefen daɓen. Abdulƙadir ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shiga. Sanyin ɗakin ya kama tafin ƙafarsa. Bai shimfiɗa komai ba. Ya ta da kabbara.

Da ya kai ƙasa, gwiwarsa ta dama ta zauna cikin raminta kamar an auna. Ta hagu sai da ya janyo ta baya, wajen zoben nan, kamar an ɗaure ta da sarƙa gajera, sannan ta samu wurinta. Ya sunkuya a karkace yadda mutumin ya riƙa sunkuyawa, goshinsa ya shige lotsawar.

Ya ji Madam Liang ta yi wa magini magana da Sinanci, ya ji an ajiye ƙarfen. Bai ɗago ba. Ba shi da sunan da zai kira, sai ya roƙa wa mai wannan wuri gafara, ko ya yi laifin ko bai yi ba, sannan ya ce, "Da Yaya Alhasan."