Ƙasusuwan Waliyyi Ba Su Je Gada Ba

A tsakiyar gada aka yi sulhun, don ba wanda ya yarda ya taka ƙasar wani. Sarki Gozelo da Sarki Arnulf, da suka shekara tara suna ƙona wa juna gonaki, suka ɗora hannu a kan akwatin ƙasusuwan waliyyi suka rantse, suka sumbaci juna. Sannan kowa ya miƙa ɗansa jingina. Duk wanda ya karya alkawari, kan ɗansa ne zai biya.

Hildegund matar Gozelo ta dawo gida da sanyin zuciya. An tafi da ɗanta Rutger, amma wa zai yi wasa da waliyyi? Washegari da safe ta shiga coci yin godiya. Ta durƙusa ke nan sai ta hango wani ƙunshi a bayan bagade. Ta kwance. Ƙasusuwa! Har da guntun yatsan da take sumbata tun tana amarya.

"Fada Wido!" ta ƙwala wa limamin kira. "Me waɗannan suke yi a nan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ashe akwatin da aka kai gada fanko ne.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa zaure. Gozelo na zaune yana yagar cinyar agwagwa, hankali kwance kamar ba shi ya yi ba.

"Maigida, a kan me ka rantse jiya?"

"A kan katako," ya ce. "Katako kuwa ba ya kama mutum. Ƙanƙara na narkewa zan ƙetare kogi da yaƙi."

"Ɗanka fa? Rataye shi za su yi!"

"Watakila."

Watakila! Hildegund ta dube shi ta ce, "Wallahi sai na aika masa ya gudu. Yana can ya saki jiki, bai san uban da ya haife shi ya sayar da shi ba."

Gozelo ya goge maiƙo a gemu. "Wa kike tsammani na sa ya kwashe ƙasusuwan?"

Ashe ɗan nata ne da kansa, yana sane ya tafi. Sai yanzu ta tuna yadda Rutger, ƙato mai shekara ashirin, ya ƙanƙame ta a bakin gada ya ƙi saki. Ita kuwa ta ture shi tana dariya a gaban mutane, ta ce, "Kai, sake ni, ragon banza! Ba baɗi za ka dawo ba?"