Kajin Ƙarƙashin Rumbu

Kaji ne suka so su tona asirin. Tun hantsi suka taru a ƙarƙashin rumbun gero suna ta tsattsaga, ko kora ba sa ji. Safara'u na bakin turmi tana daka, amma idonta na kansu. Ta san dalili. Duk motsin da na ciki ya yi, sai ƙwayar gero ta zubo ta tsagar gindin rumbun.

Obiora ne a ciki, Ibon da ke awon gyaɗa a kasuwar Makoda. Shekarar araba ce fa, lokacin da ake bin 'yan kudu gida-gida. Bara ya aiko neman auren Safara'u, mahaifinta Malam Usaini ya mayar da goron ko kwance shi bai yi ba, ya ce muddin yana numfashi ba za a yi ba. Shekaranjiya ta tura Obiora cikin rumbun, ta mayar da jinka, ba wanda ta faɗa wa.

Sai ga Ɗanliti mahauci da mutum uku, kowa da gora, har tsakar gida.

"Malam, an ce an ga Inyamurin nan ya yo nan."

"To, ku duba," in ji Malam Usaini daga kan buzunsa.

Suka leƙa ɗakuna, suka leƙa turken awaki. Ɗanliti ya juyo zai fita, sai ya tsaya.

"Waɗannan kajin fa, me suka samu haka?"

Taɓarya ta tsaya a hannun Safara'u. Malam Usaini ya dubi kajin, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Gara ce ta ci min gindin rumbu," ya ce. "Su ke taya ni yaƙi."

Malam kuwa mutum ne da garin nan bai taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ɗanliti ya yi dariya, ya ce a zuba toka, suka fice.

Malam ya tashi a hankali, ya ciro ƙwaryar irin da ya ajiye don shukar baɗi, ya watsa shi can bakin danga. Kajin suka ruga.

Bai kalle ta ba. Ya tsaya yana karkaɗe ƙwaryar.

"Maganata ta bara tana nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma ki faɗa wa garar nan ta daina motsi."