Ƙurajen Mai Takaba

Ina da ciki, kuma ban da ni da Allah babu wanda ya sani. Ummaru ma, maigidana, bai sani ba har 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Ruma yana dawowa daga kasuwa a kan babur. Bayan jana'iza muka kwashe ɗan abin da za a iya ɗauka, ni da uwarsa, Inna Atika, muka koma gidan ƙaninta a cikin garin Batsari. A nan nake takaba.

Sai ƙuraje suka feso min a fuska. Haɓa, kumatu, goshi, wasu jajaye, wasu da ruwa, in na yi alwala har zafi suke min. Ni ko a jikina, wa zan yi wa ado? Amma Inna ta ɗauki abin da zafi.

"Mahfuza, ba zan mayar wa iyayenki ke Runka da wannan fuskar ba," ta ce. "Su ce ɗana ya mutu na bar musu 'ya ta lalace? Saka hijabinki."

Inna ba a yi mata musu. Muka tafi wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa. Likitan saurayi ne, Nurain sunansa, mai sanyin murya. Ya duba fuskata da kyau, ya ce ƙurajen matsakaita ne, sun wuce a tsaya ga na shafawa kaɗai, amma ba su kai munana ba. Ya ce akwai magungunan sha, zai faɗa mana amfanin kowanne da aibinsa.

"Na farko doksisaikilin. Shi muka fi bayarwa, yana kashe ƙwayoyin cutar, yana kwantar da kumburi. Ana shan sa da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take, kuma a rage shiga rana. Amma mai ciki ba ta shan sa, yana iya taɓa ƙashi da haƙoran jariri. Na biyu eritromaisin. Bai kai na farko aiki ba, yakan murɗa ciki, wani lokacin ma ƙurajen ba sa jin sa, sai dai ana iya ba mai ciki idan ta kama. Akwai kuma ƙwayar tazarar haihuwa, tana gyara irin waɗannan ƙurajen a wurin mata."

"Subhanallahi!" Inna ta dafe ƙirji. "Likita, takaba take yi fa."

"Allah ya jiƙansa, Hajiya, a yi min afuwa. A bar wannan. Akwai wani mai ƙarfi sosai da ake bayarwa a manyan asibitoci, amma nata bai kai nan ba, shi kuwa nakasa ɗa yake yi a ciki." Sai ya juyo gare ni. "Malama, akwai ciki?"

Haba, likita! A gaban surukata? Wace 'ya ce da aka yi wa tarbiyya za ta buɗe baki a gaban uwar mijinta ta ce tana da cikin fari? Ko uwata da ta haife ni sai dai ta gane da idonta. Na ji haushinsa, duk da na san aikinsa yake yi. Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen hijabi.

"Wane irin ciki?" Inna ta amsa a madadina. "Da akwai ai da na gani. Yaron bai bar komai ba, likita. Ko akuya ɓarayin nan ba su bar mana ba."

Ya sake tambayata, ya ce in ina da shakka a yi gwaji, ba ya ɗaukar lokaci. Na girgiza kai. Ni abin da nake nufi, ba zan iya magana ba. Shi ya ɗauka a'a na ce.

Na tattaro ƙarfin hali na ce, "A ba ni na biyun."

"Ji min yarinya!" in ji Inna. "An ce miki ga mai aiki, kin zaɓi rago? Likita, rubuta na farkon."

Ya rubuta. Muka saya muka dawo, tana gaba da ledar maganin ina biye. Tsoro nake ji ƙwarai. Duk hanya lissafi nake yi: in ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe in tofar daga baya, ko in ce kaina na ciwo sai gobe. To gobe fa? Inna mace ce da in ta ba ka magani sai ta ga maƙogwaronka ya motsa, sannan ta ce buɗe baki.

Da la'asar, bayan na ɗan taɓa tuwo, ta shigo ɗakin da kofin ruwa cike. Ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta ɗora a tafin hannunta, ta miƙo min.

"Yi bisimilla. In kika dage, kafin ki fita takaba bayan babbar salla fuskar nan ta washe."

Na kalli ƙwayar. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Na tuna abin da likita ya ce game da ƙashi da haƙora. Ummaru yana da wushirya, in ya yi dariya daga nesa ake ganin ta. Kunya ta danne min harshe, na rasa ta inda zan fara. Kalmar nan dai ba za ta fita daga bakina a gaban matar nan ba, ko za a yanka ni.

"Karɓi mana, hannuna ya gaji."

"Inna," na ce, idona a kan tabarma, "takabata ba za ta fita bayan salla ba."

"Kamar yaya? Malam da kansa ya ƙirga mana."

"Sai kaka, in Allah ya kai mu. Sai an yanke gero."

Kowa ya san takabar da ke wuce lokacinta haka ta mai ciki ce, ba ta fita sai ta sauka. Na ga yatsunta sun rufe a kan ƙwayar a hankali, ta matse ta kamar za a ƙwace mata. Ruwan kofin ya fara zuba a kan zanenta, ba ta ma lura ba. Ta durƙusa a gabana, tsohuwa da ita, ta kai hannu kusa da cikina amma ba ta taɓa ba.

Maigidana ɗanta ne na fari. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan".

"Ummaru," ta ce. "Ummaruna."