Humrar Inna da Firjin Maganin Kaji

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba, don Inna ta ce in labarin ya fita, ni da ita ne. Sai ga shi ita da bakinta ta ba matan unguwa a wajen suna.

Ni Huseina, a ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, ni ke ɗiga wa kaji maganin rigakafi a ido. Maganin ba ya son zafi ko kaɗan, shi ya sa nake ajiye shi a ƙaramin firji mai sola a ɗakin Inna. A satin da aka ce ciwon kaji ya shiga ƙauyen gabanmu, a satin firjin ya fara rage sanyi. In maganin ya lalace, kajin matan garin nan sun tafi ke nan.

Na kira Kawu Sabo, ƙanen Inna, mai gyaran firji a Tsanyawa. Ya zo da abokin aikinsa Najib, kowa da na'urarsa ta shinshino gas, mai dogon baki kamar na buta. In ta ji gas ɗin firji yana fita sai ta yi kuka.

Da ma Inna da ta ji baƙi za su shiga ɗakinta, sai ta share, ta sa turaren wuta, ta yayyafa humra har a labule.

Kawu na shiga na'urarsa ta kama kuka. Gaban firji kuka, bayansa kuka, har ƙarƙashin gado.

"Wannan firji ya zama rariya," in ji shi. "Sai an kai shi Kano."

In aka tafi da shi ba ni da inda zan sa maganin. Ita kuwa na'urar Najib ko tari ba ta yi ba.

"Taka kurma ce," in ji Kawu.

"Taka dai tsohuwar mafaɗaciya ce, Malam Sabo."

Ban saba magana a gaban baƙo ba, amma na ce, "Kawu, to wacce za a gaskata?"

Najib ya ce mu fita waje. A gindin darbejiya ya ciro wata 'yar kwalba daga jakarsa. Ya ce an yi ta ne ta riƙa sakin gas kaɗan-kaɗan, gwargwadon da aka sani, kamar kwanon awon da ake gwada sauran kwanuka da shi a kasuwa. Suka bar na'urorin suka sha iska har ta Kawu ta yi shiru. Suka saita kowacce, suka kai bakinsu kusa da kwalbar. Duka biyun suka yi kuka. Suka janye, duka suka yi shiru. Suka sake, haka.

"To, ba kurma a ciki," in ji Kawu, yana sosa ƙeya.

Sai ga Inna da kwanon fura. Tana sunkuyawa ta ajiye, na'urar Kawu ta tsandara ihu a kan mayafinta.

"Yaya, ashe ke ce ke yoyo!"

"Ungo naka, Sabo! Da girmana?"

Najib ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce irin ta Kawu ba ta rarrabe gas da ƙamshin turare. Tasa kuma, saboda musu, bai ma kai ta bayan firjin ba.

Muka ɗage labule, na fitar da kaskon turare da zannuwa, na yi ta fifita ɗakin da faifai. Da ƙamshin ya fita suka koma. Wannan karon na'urorin biyu ba su ce komai ba sai a wuri ɗaya, inda siririn bututu ya haɗu da injin. Kawu ya shafa kumfar sabulu, muka zuba ido, can sai ga 'yar ƙwayar kumfa ta taso. Nan take ya liƙe wurin da wuta, ya zuba sabon gas. Maganin kuwa yana cikin kula da ƙanƙarar da suka taho da ita.

Washegari da sassafe na sa hannu a firjin, sanyi ya kama min yatsu. Na ɗauki kula, na fara da gidan Goggo Kaltume, wadda ta riga ta kulle kajinta a akurki tana jirana.