Abin da Ozell Ya Bar wa Cleon

Ina tsaye a gindin matakalar gidan Ozell Hargrove da tukunyar romon kaza a hannu lokacin da Vernice, matar wansa, ta turo ƙofa da ƙafa, ta fito da wani akwatin kwano ta dire a baranda. Akwatin Cleon ne. Ta ce 'ya'yanta ne za su kwana a ɗakin baya tunda dangi sun iso, ɗan aiki kuwa ai zai iya lallaɓawa a rumbun masara. Ta karɓi tukunyar, ta buɗe, ta shinshina, ta ce Allah ya saka da alheri, Sista Arzella, amma mai ciwon ƙirji ba a ba shi barkono.

Cleon yana zaune a ƙarshen barandar yana ɓare wake a cikin kwano, ƙafarsa mai ciwo a miƙe kan wani kututture. Bai ko dubi akwatin ba.

"Ki kai masa haka," in ji shi. "Zell zai bar numfashi kafin ya bar barkono."

Vernice ta yi kamar iska ce ta yi magana, ta shige ciki.

Shinge ɗaya ya raba gidana da nasu, kuma tun ina amarya na same su a nan su biyu. Tare suka dawo daga yaƙin Faransa, Ozell da tari, Cleon da ɗingishi. Mutane suna kiran Cleon ɗan aikin Ozell, shi ma yana amsawa. A coci Ozell yana zama a bencin dangin Hargrove can gaba, Cleon a baya kusa da taga. Matan unguwa sun yi ta kai wa Ozell 'yan'uwansu da ƙannensu don ya aura, yana cewa ƙirjinsa ba zai iya ɗaukar mace ba, har suka gaji. Ni dai abin da nake ji ta shinge shi ne faɗa a kan wanda ya ƙona kofi, da wanda ya bar ƙofar kaji a buɗe, da dariya bayan faɗan. Ban taɓa tambaya ba. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Mahaifin su Ozell yana cikin baƙaƙen fata ƙalilan da suka mallaki ƙasa tasu a wannan gefen kogin Yazoo. Da zai mutu, da baki ya raba. Roscoe, babban ɗa, ya sami gonar auduga, Ozell ya sami gida da filin da ya gangara zuwa rafi. Haka muke yi a lokacin. Yawancinmu ba mu iya rubutu ba, ni kaina sai da na yi jikoki na koya, kuma duk wanda ya kai maganar ƙasarsa wurin farar fata a gari, da ƙasar da ta ragu yake dawowa. Saboda haka mai mutuwa yakan kira fasto da maƙwabta biyu, ya faɗi abin da yake so, maganar ta zauna. In bai faɗi komai ba, komai ya koma wa jini.

Washegarin ranar akwatin na tarar da Cleon a bakin shinge yana cire wa tumatirina tsutsa, aikin da ban sa shi ba. Ya ce Zell ya yi alkawari zai faɗa a gaban Fasto cewa gidan nasa ne, shi Cleon, har ya mutu, bayan haka dangin Hargrove su ɗauki abinsu. Ya ce ba ƙasa yake so ba, shi bai san wani wurin kwana ba ne. Danginsa na Louisiana ruwa ya watsa su tun shekarar babbar ambaliya, ko kabari ɗaya bai san inda yake ba.

"Zai faɗa kuwa?" na ce.

Ya murtsuke tsutsar a jikin itace. "Tun gashinmu yana baƙi yake cewa zai faɗa."

Roscoe dattijo ne a cocinmu, mutum mai jiki da murya mai taushi, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Autansa Lamar zai yi aure bayan tsinkar auduga, kuma ba shi da inda zai sa amarya. Tun da suka tare a gidan, Roscoe yake yawo da hannuwa a baya yana duban rufi, yana buga ginshiƙai da yatsa. Da na shiga gaishe da Ozell na same shi yana tsokanar Roscoe daga kan gado, da muryar da ta koma kamar ta tsohuwa.

"Yaya, dubiya ka zo ko awo? In igiya kake nema tana bayan ƙofa."

Roscoe ya yi murmushi ya ce ciwo bai taɓa bakin ba tukuna, ya fita. Yana fita Ozell ya kama gefen rigata. Ya ce tun makon jiya yake cewa a kira masa Fasto Tillman, kullum sai a ce ya yi tafiya, ko motarsa ta lalace. Ya roƙe ni in je da kaina, kuma in tsaya shaida. Na ce to. Da rana na sa hula na taka har gidan Fasto, na same shi a inuwa yana gyaran ƙugiyar kamun kifi, lafiyarsa ƙalau, motarsa ma haka.

Ranar Asabar da hantsi aka taru. Zafi ya cika ɗakin, ga warin magani da na mai jinya. Fasto ya zauna a kujera kusa da gadon ƙarfen, hularsa a gwiwa. Ni da Purvis Gaines, maƙwabcinmu na hagu, muka tsaya a jikin bango. Roscoe ya zauna a ɗaya gefen, Vernice tana yi wa mara lafiya fifita da ƙarfin da ya fi na fifita. Cleon ya zo da kwanon ruwa da tsumma, ya tsaya a bakin ƙofa, don ba wanda ya ce ya shigo.

Ozell ya fara da ƙananan abubuwa. Bindigar farauta ta Lamar ce. Kwat ɗinsa na coci a ba Purvis, in ya iya rage tumbi. Aka ɗan yi dariya. Kajin a ba ni. Sai tari ya kama shi, aka jira. Da ya lafa, ya juya kai wajen ƙofa.

"Gidan nan kuma, da filin har rafi, ina so Cleon ya..."

"Ƙanena, dakata," in ji Roscoe. Ya ɗora hannu a kan bargon, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ce shi ba zai hana mai mutuwa magana ba, Allah ya kiyaye. Amma ƙasar Baba ba ta taɓa fita daga jini ba, kuma in za ta fita yau, mutane za su tambayi dalili, coci ma za ta tambaya, shi kuma a matsayinsa na dattijo dole ya sami abin faɗa.

"Don haka ka faɗa a gaban Fasto. Mene ne shi a wurinka? In ɗan aiki ne, ɗan aiki sallamarsa ake yi, ba a ba shi gidan uba. In kuma wani abu ne daban, ka faɗa mu ji, mu san ko kusa da Mama za mu kwantar da kai ko wani wuri."

Fifitar Vernice ta tsaya. Fasto ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Duk wanda ke ɗakin ya san akwai gurbi a maƙabartar coci kusa da mahaifiyarsu, ya kuma san Ozell ne yake nome ciyawar wurin kowace bazara, yana cewa shi ne ɗakinsa na gaba.

Ozell ya dubi rufi. Leɓensa ya motsa sau ɗaya ba murya. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata, ban ma san abin da nake roƙo ba. A waje wata kaza tana ta kuka ta yi ƙwai.

"Ya yi mini aiki," in ji Ozell daga ƙarshe. "Ya yi aiki da amana. A ba shi alfadarina."

Fasto ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, gidan fa.

"Gidan Baba ne."

Cleon ya sunkuya da ƙyar saboda ƙafar, ya ajiye kwanon ruwan a ƙasa, ya ninke tsumman ya ɗora a bakinsa.

"Na gode, Mista Hargrove," in ji shi. Ya juya ya fita.

Duk zamana a bakin wannan shingen ban taɓa jin ya kira shi haka ba, ko a gaban farar fata. Ozell ya rufe ido. Fasto ya ce mu yi addu'a, muka yi, Roscoe ya fi kowa ƙarfin amin.

Bayan haka Ozell bai ƙara tsokanar kowa ba. Ya daina cin abinci. Vernice ce ke juya shi tana goge masa jiki, kuma don gaskiya ba ta yi ƙyuya ba, sai dai duk lokacin da ta taɓa shi sai ya ƙanƙame jiki. Cleon bai sake taka barandar ba. Yana ba kaji hatsi, yana faskare, yana gyara ƙofar rumbu da ba shi zai ƙara buɗewa ba. Nakan kai masa burodin masara da wake, ya ci a tsaye.

Ranar Laraba da la'asar ina zaune wurin Ozell, Vernice ta fita ɗebo ruwa, sai ya buɗe ido ya tambaye ni ina yake. Bai faɗi suna ba. Na ce yana baya yana faskare. Ya ce in ce masa ya zo.

Na same shi da gatari a hannu. Na faɗa masa. Ya sa wani icen a kan kututture ya raba shi biyu, ya ɗauki wani. Ya ce in koma in tambaya ko ruwa ake so ko itace, don shi waɗannan ne aikinsa. Ban tafi ba. Na tsaya ina kallonsa har ya raba na uku, sannan gatarin ya maƙale, ya ja bai fita ba, ya sake shi. Ya je bakin famfo ya wanke hannu da fuska, ya shiga rumbu ya sauya riga, ya tsaya yana sa maɓalli ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu isa, numfashin ya canza, Vernice ta kira kowa. Roscoe yana riƙe da hannu ɗaya, ita tana riƙe da ɗayan, 'ya'yansu sun cika gefe da gefe suna rera waƙar coci a hankali. Babu wuri. Ba wanda ya matsa. Cleon ya tsaya a ƙarshen gadon, ya zura hannu tsakanin ƙarafan, ya kama ƙafar Ozell ta saman bargo. Idon Ozell a rufe yake tun kafin mu shigo. Ko ya san hannun wa ne, ba zan iya cewa ba. Haka ya cika, Cleon yana riƙe da ƙafar har sai da Roscoe ya ja bargon ya rufe fuskar, bargon ya zame daga hannunsa.

An binne shi kusa da mahaifiyarsa. Fasto ya ce mutum ne da ya zauna shi kaɗai duk rayuwarsa bai dami kowa ba. Cleon yana baya kusa da taga.

Washegari Vernice ta ce a fitar da katifar a ƙona, kamar yadda ake yi in ciwon ƙirji ya kashe mutum. Maƙwabta muna nan muna taya ta share gida. Lamar da yayansa suka cicciɓo ta suka jefa a tsakar fili, ba zanen gado, rana tana dukanta. Tsohuwar katifar auduga ce. Ramuka biyu ne a jikinta, dab da juna, ɗaya dogo ɗaya gajere, audugar ta danne ta yi tauri kamar ƙasa, tsakaninsu ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Lamar ya yi dariya ya ce ashe Baffa Ozell birgima yake yi cikin barci. Ba wanda ya taya shi, sai dariyar ta mutu a bakinsa. Purvis ya cire hula. Vernice ta juya ta kalli shanya.

"Ku juya ta," in ji Roscoe.

Suka kama gefe suka kifa ta, ƙura ta tashi. Bayan ma haka yake, dogo da gajere.

Roscoe da kansa ya ɗauko kananzir ya zuba, ya ƙyasta ashana.

Cleon ya riga ya ɗaure akwatinsa a bayan alfadarin. Na ce masa ya zauna a ɗakin marigayi mijina har ya ga abin da Allah zai yi, ya ce a'a, daga tagar ana ganin barandar. Na tambaye shi ina za shi, ya ce zai bi hanyar kogi tukuna. Ya ja dabbar har bakin shingena, a nan ya tsaya. Auduga ba ta ci da harshen wuta, cinyewa take yi daga ciki, hayaƙin ya yi kauri ya kwanta ƙasa-ƙasa ya ratso shingen ya rufe mu. Alfadarin ya yi ta kaɗa kai yana ja da baya. Cleon ya naɗe igiyar a hannu, ya tsaya a cikin hayaƙin, bai matsa ba.